Yadda Baduku Ya Ceto Tsohuwar Jakar Kakarmu

A ƙarshen daminar da ta wuce, ranar wata Asabar, Umma ta ce in fito da kayan da ke cikin akwatin ƙarfen ɗakinta in shanya, don ɗakin ya fara warin danshi. Ashe kwanon rufi ya yi yoyo tun watan Agusta, ruwa ya riƙa bin bango yana kwanciya a ƙarƙashin akwatin, ba wanda ya lura. Na kwashe zannuwa da mayafai, sai a can ƙasa na taras da wani ƙulli a baƙar leda. Ina kwancewa wari ya doke ni. Jakar hannun Hajiya ce, kakarmu ta wajen uwa, Allah Ya jiƙanta.

Duk jikokin Hajiya sun san jakar nan. Jar fata ce, 'yar madaidaiciya, da baƙin zane a bakin murfinta da maɓallin tagulla. Da ita take zuwa suna da biki da asibiti. A cikinta goro yake zama, da carbi, da 'yar kwalbar turare, da alewar da take raba mana idan mun gaishe ta da ladabi. Da ta rasu aka zo rabon gado, Umma ta roƙi 'yan uwanta a sa mata jakar cikin rabonta. Ta ƙulle ta a leda don kada ƙura ta taɓa ta, ta sa a akwati, shekara huɗu ba a buɗe ba.

Abin da na gani ya tayar min da hankali. Funfuna ta lulluɓe gefe guda, fari-fari da kore-kore. Mariƙin ya tsage daidai inda ya haɗu da jikin jakar, saura ƙiris ya rabu. Maɓallin ya tara wani koren datti mai danƙo. Ƙyallen da aka yi mata shafi da shi a ciki kuwa ya ruɓe, ana taɓawa yana yagewa.

Garin neman gira

Umma ta fita ta'aziyya, sai na ce bari in yi abin kai, kafin ta dawo na gyara. Na dama garin sabulun wanki a roba, na sa soso na dirje jakar ciki da waje. Ruwan ya koma ja, na ɗauka datti ne ke fita. Na ɗora ta a kan katanga cikin ranar azahar don ta bushe da wuri. Da la'asar na same ta ta ƙandare kamar busasshiyar ganda, sai na kwarara mata man gyaɗa wai ta yi laushi. Daga nan na aiki yaro ya sayo min gam ɗin nan mai saurin kamawa, sufa gulu, na ɗura a tsagar mariƙin na matse.

Kafin magariba na san na yi aika-aika. Jan launin ya koɗe a wasu wurare, man ya bar tabo baƙi-baƙi kamar taswira, gam ɗin kuma ya bushe ya yi fari, ya sa wajen ya yi tauri kamar ƙashi. Na ɗaga jakar a hankali, sai na ji ƙas! Mariƙin ya karye a gefen gam ɗin, inda da lafiyarsa lau.

Kwana goma na yi ina ɓoye ta a ƙarƙashin katifata. Amma ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Da na kai wa Umma, ta juya jakar a hannunta, ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta ce, "Ba komai, haka Allah Ya ƙaddara." Da faɗa ta yi min da ya fi min sauƙi. Ƙanwata, wadda ke aji biyu a babbar sakandare, ita ce ta ce tunda mutum ne ya ɗinka ta, ai ba za a rasa mutumin da ya san maganinta ba.

Mai gaskiya a bakin titi

Mun fara da mai gyaran takalmin da ke bakin layinmu, wanda ya sha ceto takalman makarantar gidanmu. Ya duba, ya girgiza kai, ya ce, "Hajiya, wannan ba aikina ba ne. Idan na sa mata allurata zan ƙarasa ta. Ku shiga Kurmi, ku nemi dukawa, ku ce a nuna muku tsohon hannu."

Ku riƙe wannan, ɗalibai. Mai sana'ar da ya iya cewa aiki ya fi ƙarfinsa ya cancanci ku sake komawa wajensa gobe. Da ya karɓa don kada kuɗi su wuce shi, da labarin nan ya ƙare tun a nan.

Kasuwar Kurmi tana cikin birnin Kano tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa, a ƙarni na 15, kuma har yau akwai rumfunan masu kayan fata a cikinta. Muka yi tambaya sau uku kafin a kai mu wata 'yar rumfa a lungu. Wani dattijo ne zaune a kan buzu, gabansa wuƙaƙe da basilla da almakashi da dunƙulen kakin zuma. A bango an rataye gafakar Alƙur'ani, da zabirar wanzami, da ragamar doki da ke jiran gyara kafin hawan salla. A gefensa ɗansa ne, wanda muka ji daga baya cewa ya yi karatun fasahar fata a Zariya.

Bayan gaisuwa na miƙa jakar da hannu biyu. Baba bai yi maganar kuɗi ba. Ya sunsuna ta, ya shafa ta da yatsa ya duba ko gari zai biyo yatsan, ya lanƙwasa wata kusurwa kaɗan yana kallon yadda fatar za ta yi, ya ɗaga murfin ya leƙa inda rana ba ta taɓa gani ba. Sai ya dube ni ya ce, "'Yata, me da me kika sa mata? Ki faɗa min duka. Ba a ɓoye wa mai magani ciwo."

Na zayyana masa, kaina a sunkuye. Ya yi murmushi ya ce, "Damina ta yi nata, amma naki ya fi na damina."

Daga nan ya raba mana matsalar gida uku. Funfuna da taurin fata da shafin ciki da maɓalli, waɗannan za su gyaru. Launin da ya koɗe da tabon mai, za a rage muninsu amma ba za su ɓace ba. Wajen da gam ya shiga kuwa ya mutu, sai dai a yanke. Ya ce aikin zai ɗauki sati uku, ya faɗi kuɗinsa. Da ya ji jakar ta Umma ce, sai ya ce ba zai sa mata wuƙa ba sai mai ita ta amince. A nan muka kira ta a waya, ya yi mata bayani da bakinsa.

Me ke cikin fata?

Ƙanwata ba ta iya ganin abu ta yi shiru. Ta ce, "Yaya, me ya sa sabulu ya ɓata ta, alhali da shi muke wanke jikinmu, shi ma fata ne?" Ɗan Baba ya ajiye aikin hannunsa, ya yi mana darasin da zai taimaka muku a ajin Bayoloji da na Kemistiri.

Fatar dabba saƙa ce ta wasu ƙananan zaruruwa na wani furotin da ake kira kolajin. Idan aka feɗe dabba aka bar fatar haka, ko dai ƙwayoyin cuta su ruɓar da ita, ko ta bushe ta yi tauri. Jima ita ce ke hana duka biyun. Majemi yakan jiƙa fata, ya sa ta a ruwan toka har gashin ya saki, ya kankare da kartaji, ya tausasa ta, sannan ya tsoma ta a ruwan dakakkiyar bagaruwa. 'Ya'yan bagaruwa suna ɗauke da wani sinadari mai bauri da ake kira tanin, irin wanda ke sa baki ya ɗaure idan shayi ya yi ƙarfi. Tanin ɗin ne ke kama zaruruwan kolajin ya ɗaure su, su daina ruɓa. Bayan haka sai a sa mai daidai gwargwado, a murza shi ya ratsa, don zaruruwan su riƙa zamewa a kan juna idan an lanƙwasa fatar. Laushin fata daga nan yake.

Fatar jikinmu tana da rai, kullum tana fitar da sabon maiƙo. Jemammiyar fata ba ta da wannan gata: man da ta rasa, ta rasa shi ke nan sai an mayar mata. Aikin sabulu kuwa shi ne kwashe maiƙo. Ga kuma maganar ma'aunin pH da kuke yi a aji. Jemammiyar fata tana ɓangaren tsami, ƙasa da 7, wajen 4 zuwa 5. Garin sabulun wanki yana can ɗaya ɓangaren, wajen su kanwa da toka, yakan kai 10. Idan suka haɗu, sabulun yakan sassauta ɗaurin da tanin ya yi, ya kuma janye rini. Jan ruwan da na gani a roba, launin jakar ne na zubar a kwata.

Rana ta ƙarasa ɓarnar. Jiƙaƙƙiyar fata idan ta bushe da gaggawa cikin zafi, zaruruwanta sukan tsuke su manne da juna, shi ya sa ta ƙandare. Man gyaɗa kuwa majema ma suna amfani da shi, amma da awo, a lokacin da ya dace. Ni na zuba shi a wuri ɗaya kan fatar da ke jin ƙishi, ta zuƙe shi ba daidai ba. Irin wannan man idan ya yi yawa yakan yi ɗoyi daga baya, ya jawo tururuwa da ɓera.

Shi sufa gulu yakan kutsa cikin zaruruwan ya daskare kamar gilashi. Mariƙin jaka aikinsa lanƙwasa. Idan wani yanki ya daina lanƙwasuwa, duk nauyin sai ya taru a gefensa, a nan ne zai karye. Haka kuwa aka yi.

Funfunar fa? Ita halitta ce mai rai, dangin naman kaza, ƙwayoyinta na yawo a iska ko'ina. Tana tsiro idan danshin iska ya haura wajen kashi 65 zuwa 70 cikin 100, musamman a wuri mai duhu da iska ba ta shiga. Leda a cikin akwati a watan Agusta, ai ɗakin amarya aka yi mata. Da hunturu kuma sai a koma ɗaya gefen: danshin iskar Kano yakan sauko ƙasa da kashi 20 cikin 100 da rana, fata ta bushe ta fara tsagewa kamar ƙafar da ta yi kaushi. Wannan kai da komo na shekara da shekaru shi ne ya tsaga mariƙin tun farko. Koren dattin maɓalli kuwa jan ƙarfen da ke cikin tagulla ne ya haɗu da maiƙon fata da danshi.

Da Baba ya shafa yatsa yana neman gari, wata cuta yake dubawa. Tsohuwar fatar da aka jeme da tanin takan kai matsayin da asid ya cinye zaruruwanta, ta riƙa komawa jan gari. Wadda ta kai nan ba ta dawowa. Tamu ba ta kai ba, shi ya sa ya karɓi aikin.

Fatar da aka ba wa Maroko suna

Baba ya nuna mana 'yan ƙananan ƙuraje-ƙurajen da ke fuskar fatar, ya ce fatar akuya ce, jimar gargajiya, rinin karan dafi. Karan dafi wata irin dawa ce da ake nomawa don jan launin da ke jikin kararanta. Baƙin zanen kuma kuloko ne, wanda ake haɗawa da kashin maƙera. Ƙarfen da ke cikinsa idan ya taɓa tanin sai ya koma baƙi, Kemistiri ke nan tun kafin a gina ɗakin gwaje-gwaje a makarantarku.

Fatar jar akuyar Sakkwato, wadda a Nijar ake kira jar akuyar Maraɗi, tana cikin fatun da duniya ke ji da su, saboda ƙarfinta da laushinta. Shekaru aru-aru fatake suna ɗora jemammun fatun ƙasar Hausa a kan raƙuma, su ƙetare Sahara zuwa Arewacin Afirka, daga can a tura su Turai. Da yake daga tashoshin jiragen ruwan can Turawa ke karɓarsu, da yawa daga cikinsu sai aka sayar da su da sunan fatar Maroko. Bajamushen nan matafiyi, Heinrich Barth, wanda ya yi yawo da sunan Abdulkarim, ya zo Kano a 1851, ya kuma rubuta yadda takalma da fatun Kano ke tafiya ƙasashe masu nisa. Masu yi wa littattafai bango a Ingila har yau suna da wata fatar akuya mai daraja da suke kira "Niger", saboda daga nahiyarmu ta fito.

Jimar zamani daban take. A 1884 wani mai suna Augustus Schultz ya yi rajistar hanyar jima da gishirin kuromiyam a Amurka, wadda ta fi ta tanin sauri nesa ba kusa ba. Yau mafi yawan fatar duniya da ita ake jeme ta, har da ta masana'antun da ke Challawa da Sharaɗa da Bompai a Kano, waɗanda ke tura fatu ƙasashe irin su Italiya da Sifen. Amfanin sanin wannan ga mai gyara shi ne, kowace jima da irin rini da man da take karɓa. Wanda bai bambance su ba, zai ba jaka maganin da ba nata ba.

Sati uku a rumfar Baba

Baba ya ba mu izinin leƙowa, muka je sau huɗu.

A satin farko kusan ba a ga ana komai ba. An warware ruɓaɓɓen shafin a hankali, aka ajiye shi don a auna sabo da shi. An fitar da jakar waje, ɗan Baba ya sa takunkumi, ya share funfunar da buroshi mai laushi, domin shaƙarta na iya tayar da tari da asma. Ya tsarma sifirit da ruwa, ya fara gwadawa a ƙarƙashin murfi ya ga bai kwashe launi ba, sannan ya bi wuraren da auduga. Ya barbaɗa garin sitaci a kan tabon man, a bar shi ya kwana ya zuƙo, a kaɗe, a sake. Daga nan aka riƙa shafa mata man fata ɗan kaɗan da tsumma, a bar ta kwana biyu a inuwa, a murza da hannu, a ƙara. Na tambayi Baba me zai hana a sa da yawa a gama. Ya ce, "Wanda ya kwana uku bai ci ba, da kunu ake fara masa, ba da tuwo ba."

A sati na biyu aka shiga aikin mariƙi. Baba ya yanke wajen da gam ya kashe. Ya zaɓo fatar akuya mai irin kaurin tsohuwar, ya fere bakinta da wuƙa har ta yi sirara kamar takarda, don kada mahaɗar ta yi tudu. Ya sa sabuwar igiya a cikin mariƙin, ita za ta ɗauki nauyi, ya kuma liƙa wata siririyar fata ta ciki a inda mariƙin ke kama jikin jakar. Gam ɗinsa irin wanda ke lanƙwasuwa ne bayan ya bushe, kuma riƙe fatar kawai yake yi kafin a ɗinka.

Ɗinkin ne ya fi burge ni. Zare ɗaya ne da aka goga wa kakin zuma, da allura biyu, ɗaya a kowane baki, suna ratsa huji ɗaya daga nan da can. Idan irin wannan ɗinki ya tsinke a wuri ɗaya, sauran ba ya warwarewa kamar na keke. Kuma ko'ina Baba tsofaffin hujin yake bi, ɗaya bayan ɗaya. Ɗansa ya ce mu tuna da littafin rasit: jerin hujin da ke jikin takardar shi ke sa ta yage cikin sauƙi. Keken ɗinki zai huda sababbin huji a tsakanin tsofaffi, ya mayar da tsohuwar fata takardar rasit. Abin da mai gyaran takalminmu ya hango ke nan.

A sati na uku aka cire maɓallin, aka goge koren dattin, aka mayar da shi. An yanka sabon shafi na ƙyallen auduga. Sai rini: Baba ya haɗa ja ya gwada a kan ɓarɓashin fata har sau biyar, yana jira ya bushe kafin ya kwatanta, domin jiƙaƙƙen rini ya fi busasshe duhu. Wuraren da suka koɗe kawai ya bi. Na roƙe shi ya rine jakar gaba ɗaya ta koma sabuwa fil. Ya nuna min wani wuri a murfin da ya yi duhu yana sheƙi, ya ce, "Nan ne babban yatsanta ke zama idan za ta buɗe. In na rufe shi, jakar wa zan ba mahaifiyarki?"

Abin da aka tsinta a ciki

Ranar da muka je karɓa, da Umma muka je. Kafin ya miƙa jakar, Baba ya ba ta wani ɗan ƙulli a takarda. Ya ce a tsakanin shafi da fata ya same shi, ya faɗa ta wata tsohuwar ɓula. Kwabo ne mai huji a tsakiya, an rubuta 1959 a jikinsa. Nijeriya ta bar fam da sule da irin wannan kwabo ta koma naira a ranar 1 ga Janairu, 1973. Umma ta ce tun kafin a haife ta kakanmu ya saya wa Hajiya jakar, ke nan ta haura shekara hamsin. Ta juya kwabon, sai ta fashe da dariya tana share ido, ta ce, "Wallahi na san Hajiya ta yi sati tana cigiyar kwabon nan."

Jakar ta yi laushi, warin ya tafi, maɓallin yana rufuwa da ƙara mai daɗi. Idan ka ƙura ido za ka ga inuwar tabon man a ƙasa, ka kuma ga mahaɗar mariƙin. Waɗannan nawa ne, ba na damina ba. Kuɗin gyaran, wanda na biya daga aljihuna, zai iya sayen sababbin jakunkunan roba biyu. Amma wace jakar roba ce za ta kai shekara hamsin?

Kafin ku ba mai gyara kayanku

1. Ku nemi izinin mai kayan, ko da kuwa ku kuka ɓata.
2. Ku tabbatar fata ce ta gaske. Bayan fata yana da gashi-gashi, bayan ta roba kuwa ƙyalle ne. Fatar roba idan ta fara saɓulewa, ba ta da magani mai ɗorewa.
3. Ku ɗauki hoton kayan ta kowane gefe kafin ku miƙa.
4. Ku nemi ganin aikin da mai gyaran ya taɓa yi.
5. Ku faɗi duk abin da kuka shafa, kada ku rage komai.
6. Ku tambaya: me zai gyaru, me za a canza, me ba zai gyaru ba? Wanda ya ce komai zai dawo sabo, ku yi hattara da shi.
7. A yi ciniki, a sa rana, tun kafin a fara. Kada ku matsa a gama da wuri.

Rigakafi ya fi magani

Jaka ko takalmi ko bel, duk doka ɗaya ce. Kada a ajiye fata a leda, a sa ta a tsohuwar rigar filo ta auduga. A cusa mata farin ƙyalle don kada ta lotse, banda jarida, domin tawadarta na fita. A ɗora ta a kan kanta, nesa da ƙasa da bango. Da damina a riƙa fito da ita tana shan iska a inuwa. Idan ruwa ya jiƙa ta, a tsane da tsumma a bar ta ta bushe da kanta, ba rana, ba wuta. Da shigowar hunturu a shafa mata man fata kaɗan, bayan an gwada a ɓoyayyen wuri. 'Yan ƙullin nan da kuke samu a kwalin sabon takalmi suna zuƙe danshi, ku jefa biyu a cikin jakar, amma ku nisanta su da ƙananan yara.

Akwai abinci a wannan sana'a

Baba ya ce abin da ke damunsa shi ne aiki ya fi hannu yawa, masu koyo kuma sun yi kaɗan. A Samaru ta Zariya akwai cibiyar gwamnatin tarayya ta nazarin fata, NILEST, inda ake karatun difloma a fannin jima da sarrafa fata, kuma darussan kimiyya ne ƙofar shiga, musamman Kemistiri. A ƙasashen waje ma gyara yana da daraja. Kamfanin Hermès na Faransa, wanda ya fara da ɗinkin kayan doki a 1837, har yau da allura biyu ake ɗinka manyan jakunkunansa, kuma yana da ma'aikatan da aikinsu gyaran tsofaffi ne kawai. A 2023 Faransa ta soma wani tsari na rage wa mutane kuɗin gyaran tufafi da takalma, don a rage zubar da kaya a bola. Ƙanwata dai ta riga ta roƙi Abba ya bar ta ta riƙa zuwa koyon ɗinkin idan an yi hutu, tare da yayanmu. Abba ya ce sai ya ga sakamakon jarrabawa.

Jakar Hajiya yanzu tana kan kanta a ɗakin Umma, cikin rigar filo. Ranar sunan ɗan yayarmu Umma ta fita da ita, da goro da alewa a ciki. Kwabon kuma yana aljihun ciki.

Aikin wannan mako

Ku tambayi iyaye ko kakanni wane kayan fata ne ya fi tsufa a gidanku: gafaka ce, ko tandu, ko zabira, ko kuben wuƙa? Wa ya ɗinka shi, a wane gari, yaya ake ajiye shi? Ku rubuta abin da kuka ji a shafi ɗaya, ku aiko wa wannan fili ta hannun malaminku na Hausa. Idan kun same shi a leda, ku nemi izini ku fito da shi yau. Sabulu da gam kuwa, ku bar su inda suke.